Ƙahon Sa da Zagon Dorina: Abin da Zane Yake Faɗa Game da Karon Mutum da Dabba

Shirin faɗakarwa na yau zai duba wani fanni na fasaha wanda ba a cika tattauna shi ba, wato yadda masu zane suke ɗaukar karon da ake yi tsakanin mutum da dabba mai haɗari su mayar da shi hoto, da irin ma'anar da hoton yake ɗauka bayan 'yan kallo sun watse. Za a kafa bayanin a kan abubuwa biyu da ƙasar Yauri ta sani, hawan ƙaho na mahauta da farautar dorina ta mutanen gungu, sannan a auna su da zane-zanen wasan bijimai na ƙasar Sifaniya, inda aka shafe fiye da shekara 200 ana buga irin wannan karo a kan takarda.

Hawan ƙaho wasa ne na mahauta, waɗanda ake kira rundawa, kuma a al'adance ana yin sa ne da yardar Sarkin Fawa a jajiberin Sallah, ko a naɗin sarautar fawa, ko a bikin ɗan gidan mahauta. Ana zaɓen sa mai faɗa daga cikin shanun da za a yanka, a ɗaura masa igiya a wuya ko a ƙaho, a ɗaura wata a ƙafar baya, samari su riƙe kowace igiya ta yadda zai iya zabura amma ba zai kuɓuce ya shiga jama'a ba, sannan makaɗan kalangu su dinga zuga shi da kiɗa har ransa ya ɓaci. Idan makaɗi ya juya kalangu ya kaɗa taken wani saurayi, wato kiɗan da aka keɓe masa ko aka keɓe wa gidansu, saurayin ba shi da sauran zaɓi a idon jama'a. Zai fito ya yi kirari, ya tunkari san gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonnin biyu ya rungume wuyansa, san kuwa ya yi ta jijjiga shi sama da ƙasa yana neman yar da shi, mata suna guɗa, maza suna ihu, har sai dabbar ta gaji ko an janye ta da igiyar ƙafa. Masu hawan sukan fito da layu da guraye da kambuna, domin an yi imani cewa akwai tsarin da yake kau da ƙaho daga jiki, ko da yake tabon da ake gani a cikin wasu tsofaffin mahauta da cinyoyinsu ya nuna cewa tsarin ba kullum yake ci ba.

Ma'anar wannan wasa a fili take ga wanda ya san matsayin sa a rayuwar Bahaushe. Sa dukiya ne, shi ne jarin mahauci da abin alfaharin makiyayi, kuma da shi ake misalta namijin da ya gagara, shi ya sa ake kiran gwarzo bajimi. Saurayin da ya rungumi ƙaho yana shaida wa gari cewa ya gaji sana'ar ubansa da zuciyar da take buƙata, tun da wanda zai kayar da sa ya yanka a kowace ranar kasuwa bai kamata a gan shi yana ja da baya ba. Sannan ƙarshen wasan yana da muhimmanci ƙwarai: ba a soke san da mashi, ba a zubar masa da jini a fili, ana mayar da shi mayanka ne a yanka shi da sunan Allah, naman ya shiga tukwanen gari. Abin da yake adana labarin wasan shi ne take da kirari, kuma a nan ne gurbin da shirin yake son nunawa yake. Take na wanda ya yi nasara ne. Makaɗi ba ya ƙirƙirar kiɗa don tunawa da wanda sa ya tsire, ko yaron da aka tattake a lokacin da igiya ta tsinke, saboda ba wanda zai yi masa kari a kan irin wannan kiɗa.

A ƙasar Yauri akwai dabbar da ta fi sa girma a tunanin jama'a, ita ce dorina. Babban namijinta yana kai kilo 1,500, wani ma ya zarce haka nesa, tana wuni a ruwa, da dare ta fito kiwo ta shafe gonar shinkafa kafin asuba, kuma tana iya kifar da kwalekwale ko ta raba shi biyu da haƙoranta. Gungawa, mazauna tsibiran Kogin Kwara, da Sarkawa masunta, sun daɗe da sanin yadda ake tunkarar ta da zago, wato mashi mai ƙugiya wanda ake ɗaura wa igiya da abin da zai yi iyo a kan ruwa, domin idan an soke ta ta nutse a san inda ta nufa. Aiki ne na taro, jirage da yawa ne suke kewaye ta, kuma ba a shigarsa sai da shiri da addu'a da izinin shugabannin ruwa. Bikin Rigata da ake yi a Yelwa, wanda gwamnatin Jihar Kebbi da Masarautar Yauri suka farfaɗo da shi, ana danganta asalinsa da wannan farauta, inda mayaƙan gungu suke nuna gwanintarsu ta tuƙi da jifa, kuma da hukumar mulkin mallaka ta hana kashe dorina sai wasan ya koma tseren jirage da ninƙaya da nunin dabarun ruwa. Fatar dorina kuwa ita ake yankawa a yi bulalar da dogarai suke riƙewa, saboda haka dabbar da ta gagara a cikin kogi takan koma alamar iko a ƙofar fada.

Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta sauya wannan zama gaba ɗaya. Ruwa ya cinye tsibirai da fadamu masu yawa, an tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, Gungawa da yawa suka koma tudu da noman albasa da shinkafa a gaɓar tafki, dorina kuma ta rasa wuraren kiwonta na da, ta dawo tana cin abin da manomi ya shuka. A 2024 kafafen labarai na duniya sun ɗauki labarin wata dorina da aka kashe a Yauri bayan ta hallaka mutum, aka raba namanta ga jama'a ana murna, alhali tun 2006 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa dorina a jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Hoton wannan gawa guda ɗaya ne, amma manomin da ya yi asarar gonarsa da mai nazarin namun daji ba abu ɗaya suka gani a cikinsa ba.

[Kiɗan kalangu na ɗan lokaci]

Wasan bijimai na Sifaniya ya bambanta da hawan ƙaho ta fuskar da ta fi kowace nauyi, domin an tsara shi ne don a kashe dabbar a gaban jama'a. Ana kiwon wani irin shanu na musamman saboda faɗa, a sako bijimin da ya shekara huɗu ko fiye, mai nauyin kusan kilo 500, cikin zagayayyen fili mai yashi, sannan a bi matakai uku: mahaya dawaki su soke shi da dogon mashi a doron wuya don ƙarfinsa ya ragu, masu gudu a ƙasa su kafa masa gajerun sanduna masu ƙugiya, daga ƙarshe shugaban wasan, wanda ake kira matado, ya yi ta yaudarar sa da jan ƙyalle har ya sami damar soka masa takobi tsakanin kafaɗu. Jan launin ba shi yake harzuƙa bijimin ba, tun da shanu ba sa rarrabe ja sosai. Motsin ƙyallen yake bi. Wasan ya sha suka tun da daɗewa a cikin ƙasar da wajenta: Paparoma Pius na Biyar ya haramta shi a 1567, Sarki Carlos na Huɗu ya hana shi a 1805, majalisar yankin Kataloniya ta sake hana shi a 2010 kafin kotun tsarin mulki ta soke hanin a 2016.

Zanen ɗab'i, wanda shi ne jigon wannan ɓangare, zane ne da ake yi a kan faranti ko dutse ko katako domin a buga shi sau da yawa a kan takarda, ba kamar zanen fenti ba wanda yake guda ɗaya tak a gidan mai kuɗi. A hanyar da ta fi shahara, mai zane yana shafe farantin jan ƙarfe da kakin da asid ba ya ci, ya zana abin da yake so da tsinin allura har ƙarfen ya bayyana, ya tsoma farantin cikin asid ya cinye wuraren da allura ta bi, sannan ya cusa tawada a cikin ramukan, ya goge saman, ya danne da takarda mai laima a cikin injin matsi. Wanda ya taɓa ganin mai zanen ƙwarya yana karta ta da wuƙa yana shafa baƙi a cikin zanen ya fahimci rabin aikin. Akwai ƙarin dabara da ake kira akwatin, inda ake barbaɗa garin ƙaro a kan farantin a gasa shi ya manne, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin, abin da yake ba da inuwa daga toka-toka zuwa baƙi ƙirin. Amfanin wannan fasaha shi ne arha da yawa: hoto ɗaya yana iya shiga gidaje ɗari, saboda haka ra'ayin mai zanen yana yaɗuwa kamar yadda waƙa take yaɗuwa.

A wajen 1790 wani mai zane, Antonio Carnicero, ya buga jerin hotuna da suke nuna matakan wasan ɗaya bayan ɗaya, tsaf-tsaf, kowa cikin adonsa, irin abin da baƙo zai saya ya kai gida tsaraba, kuma sun sami kasuwa har aka yi ta kwaikwayonsu. Francisco Goya, wanda aka haifa a 1746 kuma ya kurmance tun 1793 sakamakon wata rashin lafiya, ya fitar da nasa jerin a 1816 yana da shekara 70, hotuna 33 da aka sani da suna Tauromaquia, kuma ba su yi kasuwa ba. Dalilin rashin kasuwar shi ne abin da ya sa ake nazarinsu har yau. Goya ya yi wannan aiki ne bayan yaƙin 1808 zuwa 1814, lokacin da sojojin Napoliyon suka mamaye Sifaniya, aka yi kashe-kashe da yunwa a Madrid, kuma a daidai waɗannan shekaru yana zana wani jerin hotuna 82 na ta'asar yaƙi waɗanda ba a buga su ba sai a 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa. Hannun da ya zana gawarwakin da aka rataye a itatuwa shi ne ya zana filin wasan, kuma ana ganin haka a yadda yake jibge mutane da dawaki a ƙasa.

Hotunan farko na jerin suna da abin da zai ja hankalin mai sauraro Musulmi, domin Goya ya zana mutanen Andalus, waɗanda suka yi mulki a sassan ƙasar daga 711 zuwa 1492, da rawuna da alkyabbu suna karawa da bijimai, bisa wata wasiƙa da marubuci Nicolás Fernández de Moratín ya wallafa a 1777 wadda ta ba su babban matsayi a tarihin wasan. Masana tarihi na baya sun yi shakkar wannan da'awa, kuma an lura cewa tufafin da Goya ya sa musu sun fi kama da na sojojin Mamluk na Masar da Napoliyon ya shigo da su Madrid a 1808 fiye da na mutanen Kurɗuba ko Garnaɗa. Wato ko a wurin da yake ikirarin ba da tarihi, abin da idonsa ya gani a yaƙi ne yake fitowa.

Daga tsakiyar jerin ne Goya ya shiga zamaninsa, ya zana gwanayen da ya sani. Akwai Martincho, wanda ya zauna a kan kujera a filin Zaragoza da mari a ƙafafunsa yana jiran bijimi da takobi a hannu. Akwai Juanito Apiñani, wanda ya dogara sanda ya tsallake bijimin da ya taso masa, Goya ya kama shi a sama, jikinsa da sandar da dabbar sun haɗu a wuri guda, inuwarsu ɗaya a ƙasa. Akwai wata mace, Nicolasa Escamilla, a kan doki da mashi. Akwai kuma Mariano Ceballos, mutumin Kudancin Amurka, wanda ya hau bayan wani bijimi ya tunkari wani, kuma shi ne ya fi kusa da abin da rundawa za su gane. Waɗannan hotuna su ne takwarorin take da kirari, yabo ne tsantsa ga mai ƙarfin hali. Da Goya ya tsaya a nan, da ya zama maroƙin fili kawai, ko da yake maroƙi ne gwani.

Hoto na 21 shi ne inda ya rabu da maroƙa. Yana nuna abin da ya faru a filin Madrid a 1801, ranar da bijimi ya tsallake shinge ya hau cikin 'yan kallo ya kashe magajin garin Torrejón. Goya ya bar fiye da rabin takardar wayam, kujeru ne kawai babu kowa, ya tattara komai a gefen dama: bijimin yana tsaye a sama shiru, gawar mutumin tana rataye a ƙahonsa, ƙarƙashinsa kuma jama'a suna tattake juna suna neman hanya. Babu gwani a wannan hoto, babu takobi, babu ƙyalle. Wanda ya biya kuɗi don ya kalli mutuwa daga nesa shi mutuwar ta zo ta samu, kuma fankon da aka bari a hagu yana sa mai kallon takardar ya ji kamar shi ma yanzu ya tashi daga kujerar. Jerin ya ƙare da hoto na 33, mutuwar José Delgado, wanda aka fi sani da Pepe-Hillo, a filin Madrid ranar 11 ga Mayu 1801. Wannan mutum shi ne wanda aka buga littafin ƙa'idojin wasan da sunansa a 1796, littafin da yake koya wa matasa yadda za su tsira daga ƙaho, kuma Goya ya zaɓi ya rufe aikinsa da shi yana kwance a ƙasa bijimi yana kansa.

Akwai wani mai shan wahala da Goya bai ɗauke ido daga kansa ba, shi ne doki. A zamaninsa dawakin masu mashi ba su da wata kariya, tsofaffi ne da aka saya da arha, ana rufe musu ido a tura su gaban ƙaho, bijimi ya farke musu ciki, kuma ba a wajabta sa musu lifidi ba sai a 1928. A hotuna da dama dokin yana kwance kayan cikinsa a waje, mutane sun ba shi baya suna kallon gwani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1825, bayan ya yi ƙaura zuwa birnin Bordo na Faransa saboda zaluncin Sarki Fernando na Bakwai, Goya ya sake komawa kan batun yana da shekara 79, idonsa ya yi rauni har yana amfani da gilashin ƙara girma, ya yi manyan hotuna huɗu ta hanyar ɗab'in dutse, wato zane da alli mai maiƙo a kan dutsen farar ƙasa mai santsi, inda ruwa yake kama wurin da babu maiƙo, tawada ta kama wurin da yake da shi. A waɗannan hotuna taron jama'a ne ya cika takarda, sun kwararo cikin fili, fuskokinsu a murtuke ko a yage da dariya, har mai kallo ya rasa wane ne dabba a wurin. Masana sun rabu a kan ko Goya masoyin wasan ne ko mai sukarsa, kuma hujjojin ɓangarorin biyu suna da ƙarfi, domin wasiƙunsa sun nuna yana zuwa kallo yana kuma da gwanin da yake goyon baya; abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne yana son wasan kuma bai yarda ya yi masa ƙarya ba.

Pablo Picasso, wanda aka haifa a Malaga a 1881, ya gaji wannan batu ya mayar da shi cikin gida. A wani babban zanen ɗab'i da ya yi a 1935, shekarar da aurensa yake rushewa, ya kawo wata halitta ta tatsuniyoyin Girka mai jikin mutum da kan bijimi tana tunkarar wata yarinya ƙarama wadda take riƙe da kyandir da furanni, tsakaninsu ga doki da cikinsa a farke ɗauke da mace a sume da takobi, dodon kuma ya miƙa hannu yana kare idonsa daga hasken. Masu nazari da yawa suna ganin kansa ya zana, mutum mai ƙarfi da sha'awa wanda yake ɓarna kuma yake jin kunyar a gan shi. Shekara biyu bayan haka, ana cikin yaƙin basasa, ya buga hotunan izgili ga Janar Franco inda bijimi yake tunkuyin azzalumin, wato a nan dabbar ta tsaya a madadin talakawan Sifaniya. Amma a babban zanensa na garin Gernika, wanda jiragen Jamus da Italiya suka yi wa ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu 1937, bijimin yana tsaye ne a kan uwar da take kuka da gawar ɗanta, fuskarsa ba ta nuna tausayi ko mugunta. An tambaye shi ma'anarsa, wani lokaci ya ce zalunci da duhu yake nufi, wani lokaci ya ce bijimi bijimi ne kawai. Tsakanin Disamba 1945 da Janairu 1946 ya zana bijimi ɗaya sau 11 a kan dutse guda, yana rage masa tsoka da inuwa a kowane bugu har ya koma 'yan layuka kaɗan, kuma duk da haka ba wanda zai ce ba sa ba ne.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar zanen shanu ba ce. A duwatsun Birnin Kudu da ke Jihar Jigawa akwai tsofaffin zane-zanen shanu, wasu masu dogayen ƙahonni marasa tozo, irin da ba a kiwonsa a yankin yanzu, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Fasahar ɗab'i ma ta zauna a Arewa, tun da kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ita ta yaye Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin manyan masu zanen ɗab'i na Afirka. Sai dai mafi yawan sanannun hotunan karon mutum da dabba a wannan yanki baƙi ne suka ɗauka. Gardawan kura sun shiga ɗakunan nunin Turai ta kyamarar Pieter Hugo, mutumin Afirka ta Kudu, daga 2005. Farautar dorina kuwa Jean Rouch, Bafaranshe, ya ɗauke ta a fim a 1951 wurin masuntan Sorko na yankin Ayoru a Jamhuriyar Nijar, a saman wannan kogi da ya biyo ta Yauri, kuma fim ɗin ya ƙare ne da babban namijin dorinar ya farfasa jirgin mafarauta ya tsere. Da Rouch ya koma ya nuna wa masuntan fim ɗin, sai suka ƙi yarda da kiɗan da ya ɗora a kan farautar, suka ce ana yin ta ne shiru domin kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, shi kuwa ya cire kiɗan. Mutanen ruwa sun fi kowa sanin inda hoton ruwa ya yi ƙarya.

Hukuncin addini a kan wasan Sifaniya ba ɓoyayye ba ne. Hadisai ingantattu sun hana mayar da abu mai rai abin bara, sun yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, kuma majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 1987, ta bayyana wasan a matsayin haramun saboda azabtar da dabba da jefa rai cikin halaka. Hawan ƙaho bai kai can ba tun da ba a raunata san, amma malamai sun soki abin da yake tattare da shi na tsafi da ganganci, kuma wannan suka, tare da sauyin zamani, ta sa wasan ya ja baya a garuruwa da yawa. Game da zana abu mai rai akwai saɓani sananne tsakanin malamai, musamman a kan abin da aka yi don ilimi da adana tarihi, kuma wanda ya zaɓi ya kauce masa yana da abin zanawa mai yawa: zago da igiyarsa, ƙirar jirgin farauta, kalangu, igiyar ƙafa, da fasalin tsibiran da ruwa ya cinye.

Wayar hannu ta sa kowa ya zama mai ɗaukar hoto a ranar Rigata, amma hoton waya yakan ɓace da ɓacewar wayar, kuma yawanci abin da take ɗauka shi ne manyan baƙi a rumfa da jirgin da ya zo na ɗaya. Dattawan da suka jefa zago kafin 1968, da waɗanda suka rungumi ƙaho a ƙuruciyarsu, suna ta raguwa. Ana kira ga malaman zane na makarantun Yelwa da Bin Yauri da Wara da Shanga da su kai ɗalibansu wurin waɗannan dattawa, su nemi guntayen katako wurin masassaƙan jirage, su koya musu sassaƙa hoto da buga shi da tawada, abin da ba ya buƙatar asid ko inji mai tsada, sannan a mayar wa dattawan da abin da aka buga su duba su gyara. Ana kuma roƙon Masarautar Yauri da hukumar al'adu ta Jihar Kebbi da su ware wuri a bikin Rigata mai zuwa domin nuna waɗannan ayyuka, da sharaɗin cewa a cikinsu a sami wanda jirginsa ya kife da manomin da dorina ta cinye wa shinkafa, ba gwanaye kaɗai ba.